Shekarar da Kande Ta Nuna Kanta

Ku da kuka tashi kuka iske ni da kibiyar kitso a hannu, suna ɗaya kuka san ni da shi, Abu makitsiya. Ban shiga lekol ba, makarantar boko ke nan, karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, amma abin da ya shiga kunnena bai taɓa ɓacewa ba. Ina faɗi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani magana, a bar ta yadda ta fito. Na tsallake shekaru da yawa na tsaya kan wannan guda, saboda maganar da har yau ake yi cikin Tasawa, wadda na san ta iso kunnuwanku ko da kunya ta hana ku faɗa mani. Wai ni na tona asirin Kande gaban matan gari. Wai kuma hannuna ne ya cinye mata gashi. Ke Rakiya, ke maganar ta fi ƙonawa, don ke ce ɗiyata da ta gaji kibiyata. To ku gyara zama, ku ji daga bakin mai ita.

Ni da Kande, wadda kuke kira Inna Kande, garinmu ɗaya, ƙauyen da ake ce wa Sarkin Hausa. Dangarmu ɗaya da tasu, in uwata ta yi tari uwarta ce ke cewa sannu. Uwata makitsiya ce, amma ba ta taɓa ba ni kan babba in koya ba, ta ce sai in lalata mata suna. Kan Kande na samu. Gashi ne Allah ya ba yarinyar nan, baƙi wuluk, mai cika hannu, in an tsefe shi sai ya rufe kunnuwa ya sauka kafaɗa. A kanshi na koyi tsaga, a kanshi na koyi doka da zanen yawo, ina ja tana kuka tana zagina, gobe kuma ta dawo ta zauna. Da aka yi mani aure aka kawo ni Tasawa, damina ba ta zagayo ba ita ma amalanke ta kawo ta gidan Malam Idi mai goro, lungu ɗaya tsakaninmu. Mutane suka ce mun haɗa baki ne. Ba mu haɗa ba, amma ba mu musa ba.

Allah ya ba Kande 'ya'ya maza, bai ba ta ɗiya mace ba. Bayan haihuwar autanta zazzaɓi ya kwantar da ita, ya daɗe bai sake ta ba. Da ta miƙe ta zo mani tsifa. Na sa kibiya na warware kitso na farko, sai ya biyo hannuna gaba ɗayanshi, kamar an tuge ciyawa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na dunƙule hannu na yi shiru.

"Ƙawa, mi ya sa kika yi shiru?"

"Ba komi, tunani nake."

"Ke da bakinki ba ya hutawa ko cikin barci? Buɗe hannunki in gani."

Na buɗe. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, ba ta yi kuka ba. Ta ce mu je mu binne. Iyayenmu sun koya mana ba a barin gashin da ya zube a fili, kada tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa da shi mai shi ta kwana da ciwon kai. Muka tona gindin iccen bedin nan, dogon yaron da ke tsakar gidana, wanda kuka girma kuna hawa, muka rufe. Haka muka yi ta yi, tsifa bayan tsifa, har ya zama babu abin binnewa. Babu abin da ban shafa mata ba. Man shanu, man kaɗanya, karkashi, rubutun malamai. Malam Idi ya kai ta likita Maraɗi, suka duba da kyau, suka ce lafiyarta lau, gashin ne ya tafi, mai yiwuwa ya dawo. Bai dawo ba. Kan ya zama sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya.

Ku yara ba ku san abin da wannan ke nufi ba a wancan lokaci. Mace ba ta fita ba kallabi, gaskiya ne, amma mata na karanta kallabi. Daga yadda ya zauna sun san doka ce ko shuku, sun san sabo ne ko ya tsufa, sun san wadda mijinta ya yi tafiya ta bar kanta ba gyara. Kande ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Sai na tuna yadda uwata ke ɗora doka kan ɗan matashin tsumma don ta miƙe. Na yanki tsohon baƙin zane, na cusa mashi auduga, na bi shi da zare layi layi har ya yi tudu da kwari kamar kitso. Na kitsa 'yan jela biyu na baƙin ulu na ɗinka a ƙeya, yadda za su ɗan leƙo. Na ɗora mata, na ɗaure da kallabi mai shara-shara, na miƙa mata madubi. Ta juya hagu, ta juya dama.

"Wane ne wannan ya hau mani kai ba sallama?"

"Ɗan haya ne," na ce. "Mai gidan ya yi tafiya."

Ranar ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, sunan kuma ya zauna. Daga nan, Alhamis ɗaya in ta wuce, ta biyun Kande na ɗakina. In saki asabari, in ce wa matan da ke jira tsakar gida kan Kande ba ya son iska. In sauke ɗan haya, in wanke fatar kan, in shafa mai, in gyara zaren da ya saki. Sai ta zauna tsakanin gwiwoyina gwargwadon lokacin da kitso ke ci, muna hira, wani lokaci ta yi ƙara da gangan, "Wayyo ƙawa, sassauta hannu!" don na waje su ji. Ta fito tana yatsina fuska tana dafa goshi. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. A gidajen biki mata na nuna ta da baki, washegari su zo mani su ce irin na Kande suke so. Kitson da ya fi kawo mani mata cikin Tasawa, babu silin gashi ko ɗaya cikinshi. Mu uku muka sani, ni da ita da Malam Idi. Ko 'ya'yanta ba su sani ba. Haka muka tafi har autan nan nata ya yi gemu.

To, shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama kaka an cika rumbuna, sai ga Balkisa, ɗiyar ƙanena, wadda ke koyarwa a lekol. Tun tana karatu Maraɗi ta shiga wasan kwaikwayo, su suna ce mashi tiyatir. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tana son haɗa wasa na mata zalla, kuma kan gashi.

"Gashi? An rasa abin yi wa wasa sai abin da ke ƙarƙashin kallabi?"

"Shi ya sa, Gwaggo. Kowa na da shi, ba mai maganarshi."

"Ni dai ban iya haddar takarda ba."

"Babu takarda. Kowace za ta kawo labarin kanta, mu dafa shi tare."

Na je don in yi dariya. Muna taruwa tsakar gidanta bayan la'asar, ita tana kiran zaman repetisiyo, mu muna ce mashi maimaici. Akwai Indo mai waina, wadda in ta kira ciniki a bakin tasha ana jin ta ƙarshen unguwa. Akwai Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Akwai wata gwauruwa da ba ta daɗe da fita takaba ba, da 'yan mata kaɗan. Kande ma na zuwa, amma ta ce ita kiɗan ƙwarya kawai za ta yi. Da farko abin bai yi ba. In Balkisa ta ce wa mace ta miƙe ta yi magana, sai ta sandare kamar an kafa turmi. Indo da bakinta ta tsaya tana murza gefen zane, ta ce, "Sunana Indo, ina da gashi," ta koma ta zauna. Muka yi ta dariya har hawaye, Balkisa kuwa kamar ta yi kuka.

Wata rana ana hutawa, Indo ta ce in kama mata wani kitso da ya saki. Ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya. Ina sa hannu sai baki ya buɗe. Ta shiga ba da labarin meshi, gashin kantin da ta sa aka ƙara mata don bikin ɗanta, yadda aka ja shi har ba ta iya rufe ido, yadda ta kwana uku a zaune, yadda da aka cire ya tafi da gashin gaban goshinta bai dawo da shi ba. Tana faɗi tana kwaikwayon muryar yarinyar da ta yi mata, kowa na riƙe ciki. Balkisa ta tafa hannu.

"Ga shi nan! Gwaggo, kada ki tashi. Haka wasan zai zama."

Haka kuwa ya zama. Ni ina zaune kan kujera 'yar tsugune, kowace ta zo ta zauna gabana, fuskarta ga masu kallo, hannuna cikin kanta, ta faɗi abin da mace ke faɗa wa makitsiya. Balkisa na da kunne, wannan na ba ta. Ta san inda za a rage, inda ƙwarya za ta shigo, inda za a bar shiru ya yi aikinshi. Jumma ta kawo labarin 'yan matan gari da ke jan jelar kitsonta a kasuwa su ga ko na kanti ne. Gwauruwar nan ta faɗi yadda kanta ya zauna ba kitso duk tsawon takaba, da yadda ta ji ranar da aka sa mata kibiya, kamar an ce mata ta dawo cikin mutane. Ranar da ta fara faɗi ba wadda ba ta share ido ba. Sai Balkisa ta juya ga mai kiɗa.

"Inna Kande, ke fa? Kanki ya fi na kowa suna a garin nan."

"Kaina ba shi da labari, ɗiyata."

Na yi maza na ce rana ta faɗi, a tashi.

Cikin kwanakin nan wata maƙwabciyarmu ta rasu. Ni da Kande muna cikin masu wanka. Kun san yadda ake yi wa mace, in an gama wanke ta ana warware kanta a kitsa shi gida uku, a kwantar a baya. Ni aka ba wannan, kamar kullum. Muna fitowa na ji wasu mata biyu na raɗa a zaure, wai ashe marigayiyar duk furfura ce, baƙin lalle ne ke rufe ta. Gawa ba ta bar gida ba, kanta ya zama hira. Kande ta ji, ni ma na ji. Muka rabu a bakin lungu.

Alhamis ta zo. Na saki asabari, na sauke ɗan haya, na fara shafa mai.

"Ƙawa, ina son in shiga wasan Balkisa."

"Ai kina ciki. Wa ke kiɗa?"

"Ba kiɗa ba. In zauna gabanki, ki kwance kallabin."

Hannuna ya tsaya. Na ce mata ko zazzaɓin ne ya dawo.

"Kin ji abin da suka ce a zaure. Ranar da na mutu za a shiga wanka, a cire kallabi, a ga tsumma. Kafin a kai ni makwanci labari ya kai Mayahi. Ba mai tuna kununa, ba mai tuna haihuwar da na karɓa a unguwar nan. Za a ce Kande mai kan tsumma. 'Ya'yana su ji daga bakin mata, ni kuma ina kwance ba bakin ramawa."

"Ni zan yi maki wanka, ni kaɗai. In rufe ƙofa."

"In kika riga ni fa? Kin ga takardarki wurin Allah?"

Sai ta ci gaba. Ta ce, "Ina so in an gani, ina nan zaune da raina. Su faɗi abin da za su faɗa a gabana, in ba su amsa, a wuce wurin."

Sai na faɗa mata abin da ke cikina, don ba ma ɓoye wa juna. Na ce kan da ya fi kowane zama tsakanin gwiwoyina shi ne nata. In aka gan shi sumul, ba za a ce zazzaɓi ba, za a ce hannun Abu. Ba uwar da za ta sake kawo mani amarya. Kuma ba ni kaɗai ba ce, ga Rakiya ta fara kama mata, sunana take ci.

"Na sani," in ji Kande. "Shi ya sa roƙonki nake. In kin ce a'a, ba zan yi da wata ba, maganar ta mutu. Hannun da ya ɗaura shi zai kwance."

Ta ɗaura kallabinta da kanta ranar, ya karkace, ta fita a haka.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Ba zan iya shawara da kowa ba, don asirin ba nawa ba ne. Ke Rakiya kina gidan lokacin, kina wankan jegon ɗanki na fari, kin tambaye ni mi ya sa nake ƙona tuwo. Wata safiya sai ga Malam Idi a ƙofar gida, mutumin da tun da nake bai taɓa yi mani magana fiye da gaisuwa ba. Ya tsaya daga zaure, ya miƙo goro.

"Abu, ta faɗa mani."

"Kai kuma ka yarda, Malam?"

Ya cire hularshi ya shafa sanƙonshi, ya ce, "Ni nawa kowa na gani a masallaci wajen alwala, ba wanda ya fasa sayen gorona. Nata kuma na daɗe ina gani, ban rame ba. Tunda mata ne zalla, ban da ta cewa. Abu ɗaya na sani, tun da ta yanke wannan shawara take barci har da minshari."

Da ya tafi na zauna gindin bedi, daidai inda muka yi binne-binnenmu. Na tuna ni na ɗora mata abin nan don ta fita cikin mutane, ta kuwa fita. Yanzu shi ne ya zame mata kaya. Na sa mayafi na shiga gidanta, na iske ta tana tankaɗe.

"Ke dai tun muna yara ba ki bar ni na huta ba," na ce.

"Ke kika fara ja mani gashi," in ji ta.

Balkisa kaɗai muka faɗa wa. Yarinyar ta rufe baki da hannu biyu, ta durƙusa gaban Kande. Da ta miƙe ta ce sai an gwada ko sau ɗaya. Kande ta ce wannan ba a yi mashi repetisiyo, sau ɗaya ake yin shi. Sai Balkisa ta kafa sharaɗi biyu. Duk mai shiga ta aje salularta a ƙofa, kada hoto ya fita. Sannan in Kande ta ji ba za ta iya ba, ko ana tsakiya, ta kama idon sawuna, ni kuma in bar kallabin in ja wata hira, ba wanda zai gane.

Ranar wasa da la'asar, filin gidan taron mata da ke bayan meri, ofishin magajin gari, ya cika. Matan ƙauyen Baudeta sun zo cikin amalanke, 'yan garinmu na Sarkin Hausa sun zo kan babura, goyo a baya. Wata tsohuwa mai faɗa ta zauna a ƙofa da babbar ƙwarya, salula na ta zuba ciki, ko matar wa ce ke sai kin aje. Indo ta buɗe da labarin meshinta, mata na faɗuwa kan juna don dariya. Jumma ta yi nata, gwauruwa ta yi nata, wuri ya yi tsit. Sai Kande ta kife ƙwaryar kiɗa, ta miƙe ta zo ta zauna gabana. Na ji ana cewa, "Yauwa, yau za mu ga dokar nan."

Ta fara a hankali. Ta faɗi gashinta na ƙuruciya, da yadda wata muguwar yarinya ta koyi kitso a kanta, aka yi dariya ana kallona. Ta faɗi haihuwar auta, da zazzaɓi, da gindin bedi. Dariya ta ɗauke. Ta ce, "Shekara da shekaru kuna gaishe ni, amma ba ku taɓa ganin kaina ba. Yau ga ni."

Na sa hannu kan ƙullin kallabi. Sai na ji ta cafke idon sawuna, riƙo har da farce. Na saki ƙullin, na ɗaga murya na ce, "Af, Kande, kin tuna ranar da akuyar gidanku ta..."

Ta juyo da kai kaɗan, ta ce ta gefen baki, "Wace akuya kuma? Ba tsaya na ce ba, wurin riƙo nake nema. Kwance!"

Na kwance. Na ɗaga ɗan haya da hannu biyu, da 'yan jelarshi na ulu suna lilo. Ranar la'asar ta sauka kan fatar da ta daɗe ba ta ga rana ba. Ban taɓa jin taron mata ya yi shiru irin wannan ba, ko jarirai sun yi tsit. Kande ba ta sunkuyar da kai ba, tana bin fuskoki da ido ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga muryar Indo, irin ta bakin tasha.

"Kande! Ashe duk shekarun nan tsumma nake wa hassada?"

Wuri ya fashe. Kande ta fi kowa dariya, hawaye na zuba. Ta karɓe ɗan haya daga hannuna ta jefa wa Indo.

"Ga shi nan, na sallame shi. Ya fi ki gashin goshi."

Ni kuma na buɗe kwalbar mai, na zuba a tafin hannu, na shafe kan a gabansu yadda na saba yi a bayan asabari, a hankali, daga goshi har ƙeya. Balkisa ta ɗauki ƙwarya ta kama kiɗa, mata suka amsa da guɗa. Ba duka ba fa. Na ga waɗanda suka tashi suka karɓi salularsu suka fita suna taɓe baki, kuma na san inda za su kai maganar.

Abin da na ji tsoro ya faru, ba a ko jima ba. Kakar bikin nan ba a kawo mani amarya ko ɗaya ba. Matan da na yi wa kitson aure, na yi wa 'ya'yansu, suka koma gaishe ni daga nesa suna gyara ɗaurin kai. Tsakar gidan da ba ya rabuwa da mata ya zama na kaji. Ke Rakiya kin tsaya a kaina wata rana, ɗanki a kafaɗa.

"Inna, kin san haka za ta faru?"

"Na sani."

"Kuma ba ki tambaye ni ba? Ni ma fa abincina ne."

"Ba kaina ba ne, Rakiya, ba kuma naki ba. Mai shi ta roƙe ni."

Kin koma ɗakin mijinki da fushi, kin daɗe ba ki zo ba. Ban ga laifinki ba, gaskiyarki ce. Amma ko yau aka dawo da ni wurin, zan kwance. Daga baya wasu matan suka fara zuwa, ba irin na da ba. Masu sallama a hankali, su ce ko za a saki asabari. Wadda man kanti ya ƙona wa kai, wadda ciwo ya ci wa gefe guda, wata dattijuwa daga Baudeta da ta ce tun ranar wasan take son zuwa. Ba su kai na da yawa ba, amarya kuma har yau sai jefi-jefi. Ba zan ce maku an rama mani ba, don ba a rama ba.

Kande kuwa sai ta zama wata iri. Aka kira wasan Baudeta, aka kira shi Mayahi, ita ce ke fara shiga mota. Har ta fara koya wa Balkisa aiki, wai a ƙara mata shiru kafin a kwance. Ta tara 'ya'yanta ta nuna masu, autan ya sa hannu ya shafa ya ce ashe irin kanshi ne da na babanshi. Kallabi dai ba ta daina ba, sai dai yanzu yana kwance lumus, ba tudu. Ɗan haya kuma ya samu aiki, Indo ta mai da shi gammon tiren waina. Kuma Alhamis ba ta fasa ba. In na ce mi zan kitsa, sai ta ce in yi shiru in shafa, kanta ya saba da gwiwoyina.

Ita ta riga ni. Damina ce, ciwon bai daɗe ba. Muka shiga wanka, ni da Indo da matar babban ɗanta, ke kuma Rakiya kina riƙe da buta, don kin zo tun asuba ba wanda ya aika maki. Da muka iso kai na kwance kallabin. Ba wadda ta ja numfashi, ba wadda ta kalli wata. Indo ta ce, "Ga kan nan namu," ta zuba ruwa. Da aka gama, surukar ta dube ni.

"Inna, kitson fa? An ce gida uku."

Na tsoma yatsa cikin ruwa, na ja tsaga daga goshi har ƙeya, na sake ja, kai ya rabu uku. Tsagar ta miƙe kamar yadda uwata ta koya mani, ba karkata. Muka rufe ta.

Na zauna zaman makoki har aka watse, kunnena a buɗe, kun kuma san kunnena. An yi maganar kunun tsamiyarta. An yi maganar jariran da ta karɓa, wata ta ɗago ɗanta ta ce ga ɗaya. An yi maganar kiɗan ƙwaryarta, da yadda ba ta bari a gama labari ba ta sa baki ba. Daga zaure har ƙuryar ɗaki, ba wadda ta yi maganar kanta.